Dafin da Ba Ya Ruɓewa da Makomar Tsuntsayen Tafkin Kainji

Gabatarwa

Duk wanda ya bi gaɓar Kwara daga Shanga zuwa Yelwa, ya gangara ƙasar Ngaski har Wara, ya san tsuntsayen da suka ƙawata wannan yanki: zalɓe, balbela, kirinjijiya, dinya, da kuma gaggafa mai farin kai wadda take surar kifi daga saman ruwa. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya taru ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130, ya zama gidan waɗannan tsuntsaye, ya kuma zama masaukin baƙin da suke zuwa daga Turai kowane rani. Saboda muhimmancinsa ne aka sanya tsibiran Foge cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2008.

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana wani haɗari da ba a cika ganinsa da ido ba. Akwai wasu sinadarai da ɗan Adam yake zubawa a ƙasa da ruwa waɗanda ba sa ruɓewa da wuri. Ba kasafai suke kashe tsuntsu nan take ba, a cikin ƙwai da 'yan tsaki suke yin ɓarnarsu. Saboda haka ana iya ganin manyan tsuntsaye suna shawagi lafiya lau, alhali kuwa zuriyarsu tana ƙarewa.

Yadda dafi yake taruwa

Sinadaran da ake magana a kansu sun haɗa da magungunan ƙwari irin su DDT da diyeldirin da lindan, wanda masunta da manoma suka fi sani da gamalin. Akwai kuma PCB, wani sinadari da ake samu a man tsofaffin taransfoma, sai ƙarafa masu guba kamar zaiba da dalma. Magungunan ƙwarin da PCB suna da halaye uku. Na farko, rana da ƙwayoyin halittar cikin ƙasa ba sa rusa su da sauri. DDT yakan yi shekaru a ƙasa kafin rabinsa ya gushe, kuma ko ya sauya yakan koma wani sinadari mai suna DDE wanda ya fi shi daɗewa. Na biyu, ba sa narkewa a ruwa, amma suna narkewa a kitse. Na uku, hanta da ƙoda ba sa iya fitar da su daga jiki sai kaɗan-kaɗan.

Sakamakon haka shi ne dafin yana ƙaruwa a kowane mataki na sarƙar abinci. Ƙananan halittun da suke yawo a ruwa su ne suke fara ɗauka. Warangi da 'ya'yan karfasa su cinye dubbansu, dafin ya zauna a kitsensu. Tsage da giwan ruwa su cinye waɗannan ƙananan kifaye, sa'an nan gaggafa ko zalɓe su ci kifin. Wanda yake ƙarshen sarƙar shi yake gadon abin da kowa ya tara.

An ga wannan ƙarara a tafkin Clear Lake na jihar Kalifoniya a Amurka. A 1949 da 1954 da 1957 an zuba wa tafkin DDD, ɗan'uwan DDT, don kashe wasu ƙananan ƙudaje. Abin da aka zuba bai wuce kashi 1 cikin miliyan 50 na ruwan ba. Amma da wasu tsuntsaye masu nutso su kama kifi suka fara mutuwa, aka auna kitsensu, sai aka sami har kashi 1,600 cikin miliyan, wato ninki 80,000 na abin da yake cikin ruwan.

Abin da yake faruwa a cikin ƙwai

Ɓawon ƙwai kusan dukkansa sinadarin kalsiyam ne, irin wanda yake cikin alli da ƙashi. Uwa takan ɗebo shi daga jininta, ta jera shi a jikin ƙwan cikin mahaifarta a ƙasa da yini guda. DDE yana toshe hanyar da kalsiyam yake bi zuwa wannan wuri, sai ƙwan ya fito da ɓawo maras kauri. Idan uwa ta hau kwanci, nauyinta kaɗai yakan fasa shi.

Wani masani ɗan Ingila, Derek Ratcliffe, shi ya gano haka a 1967. Ya auna tsofaffin ƙwayayen shaho da aka adana a gidajen tarihi, ya ga cewa daga wajen 1947, lokacin da DDT ya bazu, kaurin ɓawonsu ya ragu da kusan kashi 1 cikin 5. Bincike na baya ya nuna cewa idan raguwar ta kai wannan matsayi, adadin tsuntsayen yakan fara faɗuwa.

Ɓarnar ba ta tsaya ga ɓawo ba. Gwaiduwa kitse ce, don haka uwa takan juye wani ɓangare na dafin jikinta a cikinta, ɗan tsako kuwa da ita yake ginuwa. A manyan tafkunan Amurka ta Arewa, inda masana'antu suka zubar da PCB, an sami 'yan tsakin tsuntsaye masu cin kifi suna mutuwa a cikin ƙwai, wasu kuma suna ƙyanƙyashewa da karkataccen baki wanda ba ya iya riƙe abinci. A 1981 Michael Fry da C. K. Toone suka nuna cewa DDT yana kwaikwayon sinadarin mata na jiki, har 'yan tsaki maza na wani tsuntsun teku sukan fito da wasu gaɓoɓin haihuwa irin na mata. Zaiba kuwa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi take taɓawa: tana rage ƙyanƙyasa, tana kuma lalata ƙwarewar tsuntsu wajen farauta da kula da sheƙa.

Tarihinmu da waɗannan magunguna

Kada mai karatu ya ɗauka wannan matsalar Turawa ce kaɗai. A shekarun 1960, lokacin aikin madatsar Kainji, an riƙa zuba DDT a kogin Kwara da rassansa don kashe tsutsar baƙin ƙudan da yake kawo makantar kogi, domin kare ma'aikata. Haka kuma an yi shekaru ana fesa DDT da diyeldirin a kurmin bakin rafuffukan Arewacin Nijeriya don kawar da ƙudan tsando mai kawo sammore. A shekarun 1970 wasu masu bincike daga Holan, ƙarƙashin J. H. Koeman, sun bi sawun irin wannan feshi a Nijeriya, suka rubuta mutuwar tsuntsaye da dama, musamman masu cin ƙwari a bakin rafi.

Adalci ne a faɗi cewa waɗannan ayyuka sun ceci idanun mutane da garken shanu masu yawa. Sai dai an biya farashin da ba a lissafa ba a lokacin. Misali mafi kusa da namu shi ne tafkin Kariba da ke tsakanin Zimbabuwe da Zambiya, wanda shi ma madatsa ce ta haife shi. An fesa DDT a kewayensa saboda ƙudan tsando, kuma wani bincike da R. J. Douthwaite ya wallafa a 1992 ya sami ragowar maganin a ƙwayayen gaggafa mai kamun kifi, irin tamu ta Kainji, tare da raguwar kaurin ɓawonsu.

A yau ƙofofi uku ne suka fi cancantar a sa musu ido a gaɓar tafkinmu. Ta farko ita ce zuba gamalin ko wani maganin ƙwari a ruwa don kama kifi, mummunar ɗabi'ar da doka ta hana. Mataccen kifin da ya taso shi ne abincin shirwa da zalɓe. Ta biyu ita ce noman gaɓa. Idan ruwa ya janye, manoma sukan shuka albasa da shinkafa a wurin, kuma abin da aka fesa ya saura a ƙasa, ruwa ne zai ɗauke shi in ya dawo. Yawancin magungunan zamani suna ruɓewa da wuri, amma wanda ake sayarwa a kwalba ba suna ba lamba, Allah kaɗai ya san abin da yake ciki. Ta uku ita ce haƙar zinariya ta gargajiya da ake yi a ƙasar Yauri. Inda duk aka yi amfani da zaiba wajen tace zinariya, ruwan sama yakan wanke ta zuwa rafi, ƙwayoyin halittar cikin taɓo su mayar da ita wani nau'i mai shiga naman kifi. Zaiba ƙarfe ce, ba ta ruɓewa har abada.

Abin da ya shafi ɗan Adam

Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A farkon 2010 agwagi suka fara mutuwa a wasu ƙauyukan Zamfara, ba wanda ya damu. Bayan 'yan watanni aka gano cewa dalmar da ke cikin dutsen zinariya ta gurɓata gidaje, kuma yara fiye da 400 suka rasu. Tsuntsayen sun yi gargaɗi, ba a fahimta ba. Kifin da gaggafa take ci a Kainji shi ne ake ƙyafewa a kai kasuwar Yauri, kuma kamar yadda dafi yake bin gwaiduwa zuwa ɗan tsako, haka yake bin mahaifa da nono zuwa jariri.

Kammalawa

Wannan cuta tana da magani. A 1963 ma'auratan gaggafar Amurka 417 kaɗai aka ƙidaya a jihohi 48 na ƙasar. Aka hana DDT a 1972, kuma kafin 2007 sun kusa 10,000, har aka cire ta daga jerin masu fuskantar ƙarewa. A 2001 ƙasashen duniya suka amince da yarjejeniyar Stockholm kan sinadarai 12 masu daɗewa, ciki har da DDT da diyeldirin da PCB. Nijeriya ta tabbatar da ita a 2004, aka ƙara lindan a 2009. DDT kuwa an bar shi ne don yaƙi da ƙwarin da ke yaɗa cuta kawai, kamar sauro. Yarjejeniyar Minamata ta 2013 ita ta shafi zaiba.

Amma takarda ba ta tsare ruwa. Sarakunan ruwa da shugabannin masunta su ne suka fi kowa ikon hana zuba magani a tafki. Manomi ya guji maganin da ba shi da lambar hukumar NAFDAC, kada kuma ya wanke famfon feshi a bakin ruwa. Ɗaliban kimiyyar halittu kuwa, ga aiki mai araha: su zaɓi sheƙunan gaggafa da na zalɓe, su ƙidaya 'ya'yan da suka tashi kowace shekara, su tattara ɓawon ƙwan da aka riga aka ƙyanƙyashe su auna kaurinsa, ba tare da taɓa ƙwai mai rai ba. In aka haɗa wannan da awon naman kifi, wanda cibiyar binciken kifi ta ƙasa da ke Sabuwar Busa ta fi kowa cancantar jagoranta, za a sami ma'aunin lafiyar tafkin. Abin lura dai shi ne, yawan manyan tsuntsaye a sama ba shi ne shaida ba. A duba ko akwai 'ya'ya a sheƙa.