Idan An Yi Wa Yaro Fyaɗe: Abin Da Za A Yi Da Wanda Ba Za A Yi Ba

Mai lalata da yara galibi sananne ne a gidan: maƙwabci, mai shagon bakin layi, malami, ko ɗan uwan da ke shigowa ba sallama. Shi ya sa iyaye ke daburcewa su yi abin da ke ƙara wa yaron rauni.

Kada ku doki yarinyar. Abin takaici, uwa da yawa bulala take fara ɗaukowa: "Uban me ya kai ki ɗakinsa?" 'Yar shekara bakwai ba ta da laifin komai. Ku zaunar da ita, ku saurara, ku ce mata kun gaskata ta. Kada a tara mutan gida a sa ta yi ta maimaita labarin.

Ku kai ta asibiti a ranar. Maganin kariya daga cutar ƙanjamau sai an fara shan sa cikin awa 72 yake aiki, kuma kwana 28 ake sha. Kafin likita ya gan ta, ban da wanka, ban da gashi da ruwan zafi ko bagaruwa. Kayan jikinta shaida ne: kada a wanke, a naɗe su a takarda. Akwai cibiyoyin da aikinsu ke nan, kamar Waraka a asibitin Murtala da ke Kano, Salama a Kaduna, da Nana Khadija a Sakkwato.

Kada ku karɓi sulhu. Nan ne aka fi cin amanar yara. Dattawa za su zo bayan isha'i, da ban haƙuri da ɗan kuɗin magani, su ce a rufa wa yarinya asiri kada ta rasa mijin aure. Ku lura da wanda ke amfana da wannan rufin asiri: ƙato ne zai koma shagonsa gobe da safe, yaran unguwa kuma su ci gaba da zuwa aike wurinsa. Haƙƙin na yarinyar ne, ba uba ko mai unguwa da ke da ikon yafe shi a madadinta. Masu cewa a aura masa ita kuwa, su ji tsoron Allah.

Ku kai ƙara wurin 'yan sanda, hukumar NAPTIP ko ma'aikatar mata. Doka tana nan: Najeriya ta kafa Dokar Haƙƙin Yara a 2003, Kano ta sa hannu kan tata a 2023, Kaduna kuma tun 2020 ta tanadi dandaƙa ga wanda ya yi wa ƙaramin yaro fyaɗe. Shari'a za ta ja lokaci, za a yi ta ɗage zama. Ku daure ku riƙa zuwa, domin rashin zuwan shaidu kan kashe ƙara.

Kada a saka hotonta ko sunanta a Facebook ko WhatsApp, ko da sunan neman taimako.

Ku tambayi 'ya'yanku maza. Su ma ana yi musu, a makarantun kwana da tsangayu da shaguna, kuma sun fi yin shiru. Yaron da ya koma fitsarin kwance, ko yake gudun wani mutum ba dalili, a ja shi a jiki a ji damuwarsa.

Kada ku cire yarinyar daga makaranta. Idan surutun unguwa ya yi yawa, ku canza mata wata, amma ta ci gaba da karatu.