Daga Akurki Zuwa Vom: Yadda Ake Bin Sawun Murar Tsuntsaye

A Ɗanzomo da sauran ƙauyukan ƙasar Gumel, mutuwar kaji a lokacin hunturu ba baƙon abu ba ne. Cutar da likitocin dabbobi ke kira Niyukasil ta daɗe tana share akurki duk shekara, mata kuma sun saba su ce ciwon kaji ya shigo gari. Sai dai tun watan Fabrairu na 2006, lokacin da aka tabbatar da murar tsuntsaye nau'in H5N1 a wata gonar kaji da ke Jaji a jihar Kaduna, karo na farko a Afirka, lissafi ya canza. Kafin watan ya ƙare an same ta a Magarya, a Jamhuriyar Nijar. A farkon 2007 ta kashe wata matashiya a Legas, ta kuma sake ɓarkewa a Kano a 2015. Ido kaɗai ba ya rarrabe ta da ciwon da aka saba, dole sai an gwada.

Aikin yana farawa ne daga mai kaji. Ta wayi gari ta ga biyar ko goma a sheme, alhali jiya da yamma suna kiwo. Waɗanda suka rage sun yi jugum, kai ya kumbura, zanko ya yi shuɗi-shuɗi, ƙafafu sun yi ja saboda jinin da ya kwanta a ƙarƙashin fata, ƙwai ya tsaya. A nan ake yin kuskuren da ke yaɗa cutar: a yi maza a yanka masu numfashi, a kai sauran kasuwa, a jefar da mushe a juji inda kare da angulu za su ja shi. Abin da ya kamata shi ne a kulle sauran, a hana yara taɓa su, a sanar da mai unguwa da malamin dabbobi na ƙaramar hukuma a ranar. Shi zai kai rahoto ga daraktan kula da lafiyar dabbobi a Dutse, daga can kuma ya wuce Abuja.

Sai ɗaukar samfuri. Malamin zai zo da safar hannu, takunkumi, tabarau da takalmin roba. Ya kama kaza marar lafiya, ya buɗe bakinta, ya zura tsinke mai auduga cikin maƙogwaro ya juya. Ya ɗauki wani tsinken ya goga a dubura. Kowanne yana shiga 'yar kwalba mai ruwan da ke adana ƙwayar cutar. Idan akwai wadda ta mutu ba da jimawa ba, a naɗe ta gaba ɗaya cikin leda biyu, ko a ciro huhu, saifa, hanji da ƙwaƙwalwa. A jikin kowace kwalba a rubuta gari, rana da irin tsuntsun. Tambayoyin da ke biyo baya suna da nauyi daidai da samfurin: Hajiya, yaushe kika sayo sabuwar kaza? Daga wace kasuwa? Akwai agwagi a gidan? Wa ya zo sayen ƙwai? A yankin da kasuwar Maigatari ke haɗa fataken Nijeriya da na Nijar kowace Alhamis, amsa ɗaya tana iya nuna ƙetaren iyaka.

Abin da ya fi lalata aikin a ƙasarmu shi ne zafi. Ƙwayoyin gadon wannan bairos, waɗanda ake kira RNA, ba sa jure rana. Dole samfurin ya zauna cikin kula da ƙanƙara, a sanyi kamar digiri 4, har ya isa Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom kusa da Jos, wadda aka kafa a 1924. Tafiyar yini ce a mota. Idan ƙanƙarar ta narke a hanya cikin zafin bazara, gwaji zai iya cewa babu cuta alhali tana nan, kuma wannan amsa ta fi rashin amsa illa, domin mutane za su saki jiki.

A Vom ana fara tatso RNA daga ruwan kwalbar, a sa a na'urar PCR, wadda ke ninka ɗan guntun gado sau miliyoyi har ya bayyana. Cikin 'yan sa'o'i za a san ko mura ce, sannan a tantance ko nau'in H5 ce ko H7. Akwai kuma tsohuwar hanya da har yanzu ba a daina ba: a ɗauki ƙwan kaza mai kwana 9 zuwa 11 da fara kwanci a kansa, a huda ɓawon, a ɗura samfurin da allura, a toshe. Idan bairos mai zafi ne, ɗan tsakon da ke ciki yakan mutu cikin kwana ɗaya ko biyu, ruwan ƙwan kuma ya cika da ƙwayar cutar da za a adana don ƙarin bincike.

Daga nan sai karanta gadon nata, wanda a ganina shi ne ɓangare mafi ban sha'awa. Bairos ɗin mura yana ɗauke da gadonsa a gutsure 8, haruffa kusan 13,500 gaba ɗaya, na'ura kuma tana karanto su ɗaya bayan ɗaya. Duk lokacin da ya hayayyafa yakan yi kuskuren harafi nan da can, kamar mai kwafar littafi da hannu: wanda ya kwafa daga gare shi zai gaji kuskuren, ya ƙara nasa, har mai lura ya iya gane wane kwafi ya fito daga wane. Haka masana ke jera abin da suka karanta kusa da dubban da sauran ƙasashe suka zuba a rumbun GISAID, kwamfuta ta fitar da salsalarsa. Ta wannan hanya aka san cewa H5N1 jikar wata ƙwaya ce da aka samu a jikin dinya a lardin Guangdong na ƙasar Sin a 1996. Ta haka kuma aka gano cewa ba sau ɗaya ta shigo Nijeriya a 2006 ba, ta hanyoyi daban-daban ta shigo. Wannan ne ya sa ake sa ido a fadamun Haɗeja da Nguru, inda agwagin daji daga Turai ke sauka da hunturu. Ana kuma duba wasu wurare na musamman a cikin haruffan: ɗaya yana nuna ko ƙwayar mai kisa ce ƙwarai, wani yana nuna ko ta fara sabawa da jikin dabba mai shayarwa. Samfuran 2006 har Padova ta ƙasar Italiya aka kai su don tabbatarwa.

Mai karatu zai iya mamakin jin alade a wannan zance, tunda ba a kiwonsa a Gumel. Amma ana kiwonsa a kudancin Kaduna, Filato da Binuwai, kuma hanyar numfashinsa tana karɓar murar tsuntsu da ta mutum duka biyu. Idan suka haɗu a jiki ɗaya sukan yi musayar gutsuren gado, sabuwa ta fito. Murar H1N1 da ta ɓulla a Meziko a 2009 ta game duniya haɗin gadon alade, tsuntsu da mutum ce. Shi ya sa masanan Vom ke zuwa mahauta su ɗauki samfuri daga aladun da ba su nuna alamar ciwo ba, kuma binciken da suka wallafa a 2018 ya nuna H5N1 a jikin wasu aladu a Jos. A 2024 ta shiga shanun madara a Amurka. Sabuwar ƙwayar da ta koyi kama mutum ba za ta tsaya a garin da aka haife ta ba.

Idan sakamako ya tabbata, ana kashe kajin da ke wurin, a binne su a rami mai zurfi, a yi feshi, a hana fitar da kaji daga yankin, a sanar da Hukumar Lafiyar Dabbobi ta Duniya da ke Paris cikin sa'o'i 24. Ma'aikatan lafiya kuma su bibiyi duk wanda ya taɓa tsuntsayen ko zai yi zazzaɓi.

A nan ne nake da magana da hukuma. A 2006 diyyar farko naira 250 ce kan kowace kaza, ƙasa da abin da kasuwa za ta ba da, mutane da yawa kuwa suka gwammace su yi shiru su sayar. Matar da kajinta ne kuɗin maganin 'ya'yanta ba za ta kira wanda zai kashe su ya tafi ya bar ta hannu rabbana ba. Gwamnatin Jigawa da ƙananan hukumomin Sule Tankarkar, Gumel, Maigatari da Gagarawa su tanadi diyya mai daraja da ake biya da wuri, su kuma ba kowane malamin dabbobi babur, kula da ƙanƙara kafin hunturu ya kama.