Samari, Ku Koyi Ruwa Kafin Ku Ƙirga Kifi

'Ya'yana samarin cikin ganuwa, na ga wasunku sun fara haɗa kuɗin mota ranar Asabar, su nufi madatsar Tiga ko ta Wasai da sandar fatsa a kafaɗa. Abin ya faranta mini rai. Sai dai in kun dawo, tambaya ɗaya kuke yi wa juna: "Nawa ka kamo?" Wanda ya dawo hannu Rabbana ya sha tsiya, har ya rantse ba shi ba ruwa. Ku matso mu ɗan tattauna.

A da, birnin nan cike yake da kududdufai, ramukan da aka haƙi ƙasar gini, damina ta cika su. Nan yaran unguwa suke koyon fatsa: zare, ƙugiya, tana, da ɗan guntun kara da ke yawo a saman ruwa. Yau an cike yawancinsu an yi gini, shi ya sa ruwan sama ke rasa mafaka sai gidajen mutane.

Ɗan karan nan shi ne malamin. In ya yi rawa kaɗan-kaɗan, ƙarfasa ce ke tsakurar tanar, kuma wanda ya yi gaggawar fizga zai ɗago ƙugiya tsirara. In ya nutse gaba ɗaya ya yi gefe, tarwaɗa ce, mai son ƙasan ruwa da duhun magariba. Sai ka san inda ciyawa ta yi inuwa, da yadda ruwa ke sauya launi bayan ruwan farko, da cewa takunka a bakin gaɓa ma yana korar kifin. Kifi na ganinka, mai jar koma! Ranar da ka wuni ba ka kama komai ba, ita ce ranar da kake komawa gida kana tunanin abin da ya hana, kuma da wannan tunanin ake zama masunci.

A Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, akwai giwan ruwa. Wanda ya taɓa jin ta a zarensa, tana ja yana sassautawa, ta yi tsalle ta tsinke ta tafi, zai daɗe yana ba da labarinta fiye da kifin da ya soya. A Amurka ma masu fatsa da yawa kan auna kifin su mayar da shi ruwa.

Abin da nake jiye muku shi ne inda son yawa ke kai mutum. Shi ke sa a ja gidan sauro a ruwa a kwashe har 'ya'yan kifi, shi ke sa a zuba gamalin a kashe na ci da na bari, a sayar wa bayin Allah guba. A Argungu, inda ake bikin kamun kifi tun 1934, hana su ake yi a kogin Matan Fada har ranar biki, don kifi ya girma.

Don Allah in kun je, ku fara gaida masuntan wurin, ku tambaye su inda zurfi yake. Ƙananan da kuka kama ku mayar, kuma kada lokacin salla ya wuce ku a bakin ruwa.