Saifa da Kyamara: Darasi a Kan Goge Tsohon Fayil

Ya mai karatu, ka sani cewa jan ƙwayar jini takan yi kimanin kwana 120 tana aiki, sa'an nan saifa da hanta su kawar da ita. Ɓargo kuwa yana samar da sababbi fiye da miliyan 2 kowace daƙiƙa. Da a ce kawar da tsofaffin zai tsaya, da jiki ya shiga uku.

Haka lamarin yake ga kyamarar tsaro. Mu ɗauka wani mai gidan mai a Tambuwal, bisa hanyar Sakkwato zuwa Jega, ya kafa kyamara tana aika hotunanta ta waya zuwa rumbun ajiya a wani ɗaki. Idan tana zubo megabit 4 a daƙiƙa, za ta tara gigabait 43 a rana, ta cika faifai mai terabait 1 cikin kwana 23. Saboda haka dole manhajar ta riƙa goge mafi tsufa. Ran da gogewa ta ƙi, rumbu zai cika, ɗauka ta tsaya, ɓarawo ya zo ya wuce ba shaida.

Me ke hana gogewa? Na farko, izini: rumbun na iya yardar wa manhaja ta rubuta, amma ya hana ta sharewa. Na biyu, fayil ɗin na buɗe. A tsarin NFS, wanda kamfanin Sun Microsystems ya fitar a 1984, idan kwamfuta ta goge fayil ɗin da take karantawa, sai a sauya masa suna ya fara da ".nfs", ya ci gaba da cin wuri har a rufe shi. Na uku, wasu rumbunan na da kwandon shara, abin da aka goge can yake komawa. Na huɗu, ɗauke wuta: igiyar sadarwa ta yanke, manhaja ta nemi fayil ta rasa.

To, ina mafita? Kada fayil ɗaya ya tsayar da aiki duka; a rubuta matsalarsa a kundin rahoto, a wuce ga na gaba, a komo masa daga baya. Idan amsa ta zo cewa babu fayil ɗin, a tabbata rumbun na haɗe kafin a cire sunansa daga jeri. Bayan kowace gogewa a auna sararin da ya rage, domin shi ne shaidar gaskiya. In ya gaza kashi 10 cikin 100, a aika wa mai shi gargaɗi. A kuma haɗa rumbun da na'urar sadarwa a batir ɗaya da kyamarar.

Manomin Kebbe ba ya jiran kaka ta kama kafin ya leƙa rumbunsa. Kai ma leƙa naka kowane mako: duba ranar hoton da ya fi tsufa, da na yau.