Kafin Ku Yi Murna da Faɗin Gawayi

'Ya'yana masu karatun kimiyyar sinadarai, ku matso mu yi magana a kan garin gawayin nan da kuke aunawa a ɗakin gwaji.

Haidurojin iska ce mai cin wuri. Shi ya sa motar Toyota Mirai take danne ta a tanki da matsin da ya ninka na iskar da muke shaƙa kusan sau 700. Masana suka ce a nemo abin da za ta liƙe a jikinsa, yadda ƙurar hunturu ke kwanciya a bango. Iya yawan bango, iya yawan ƙura. Giram ɗaya na sarrafaffen gawayi bai cika cokalin shayi ba, amma da za a shimfiɗa bangon ramukansa zai iya kai murabba'in mita 3,000. MOF-177, wani gari mai ramuka wanda Omar Yaghi da abokan aikinsa suka haɗa, ya haura 4,000. Ƙa'idar Chahine ta ce kowane murabba'in mita 500 a giram yana riƙe haidurojin kimanin kashi 1 cikin 100 na nauyin garin.

To, a nan nake so ku nutsu. Wannan lissafi ba ya tabbata sai kwalbar gwajin tana tsome cikin ruwan naitirojin yana tururi, a sanyin digiri 196 ƙasa da sifili. Ku ciro ta, ta ɗumama a hannunku, sai iskar ta gudu, domin riƙon da bangon yake mata sako-sako ne. A zafin ɗaki, ko da matsi mai yawa, abin da ya rage bai cika wuce kashi 1 ba. Girman ramin ma abin lura ne. Matsattse, ƙasa da nanomita ɗaya, ya fi kama ta, don bango biyu ne ke jan ta lokaci guda.

A 1997 an yi ta shelar cewa siraran bututun kabon sun riƙe haidurojin kashi 5 zuwa 10 na nauyinsu. Wasu suka maimaita gwajin, ba su samu ba. A wani gwajin ma aka gano ɓurɓushin ƙarfen taitaniyam daga na'urar sarrafawa ne ya shanye iskar. Shekaru da kuɗi masu yawa sun tafi a bin wannan sawu, abin yana damuna har yau.

Don Allah, duk adadin da za ku rubuta, ku sa zafi da matsin da kuka auna shi a gefensa, kuma ku sake gwajin da kwalba babu komai a ciki kafin ku kawo mini.