Ciwon Cikin Zomo: Yadda Abinci Yake Kawo Shi, Yadda Kuma Yake Tsare Shi

Gidaje da yawa sun kama kiwon zomo, kuma abu ne mai kyau. Zomo ba ya cin wuri, zomanya tana haihuwa bayan kwana 31 da ɗaukar ciki, namansa kuma yana gina jikin yara da mata masu ciki da masu jinya. Amma duk wanda ya taɓa kiwon ya san wannan baƙin ciki: jiya da maraice ƴaƴan zomo suna tsalle lafiya lau, yau da safe ka tarar da biyu ko uku a kwance, gindinsu ya ɓaci da zawo, kafin azahar sun mutu. Sai a ce iska ce, ko baki, ko sa hannu. Sau da yawa ba ko ɗaya ba ne. Matsalar tana cikin kwanon abincinsu.

Wannan darasi zai nuna maka yadda cikin zomo yake aiki, abin da yake ɓata shi, yadda za ka gane ciwon da wuri, da abin da za ka yi.

1. Cikin zomo ba irin na kaza ba ne

An yi cikin kaza don tsaba. An yi cikin zomo don ciyawa. Wannan ita ce maganar da ta fi kowace muhimmanci a cikin darasin nan.

A inda ƙaramin hanji ya haɗu da babba, zomo yana da wata babbar jaka wadda ta fi tumbinsa girma. A cikinta akwai ƙananan halittu masu rai, ido ba ya ganinsu, su ne suke narkar masa da ciyawa. Muddin yana cin ciyawa mai kaushi, hanjinsa yana motsi dare da rana, halittun nan masu amfani kuma suna zaune lafiya. Idan ciyawa ta yi kaɗan, aka cika shi da tsaba ko dusa ko abin zaƙi, abu biyu ne suke faruwa. Hanji yana rage motsi, har ya tsaya. Sa'an nan mugayen ƙwayoyin cuta suna samun abincin da suke so, su yawaita, su fitar da iska da dafi.

Ka riƙe abu uku kuma:

Zomo ba ya iya amai. Duk abin da ya haɗiye, mai kyau ko mugu, sai ya bi hanji har ƙarshe.

Haƙoransa ba su daina tsiro har ya mutu. Taunar ciyawa ce take goge su. In babu abin tauna sai su yi tsawo su soki harshe ko kumatu, ya kasa ci, yawu ya riƙa jiƙa masa haɓa.

Yana yin kashi iri biyu. Akwai busasshe mai kama da tsakuwa, wanda kake sharewa, yakan yi ɗari biyu ko fiye a kwana guda. Akwai kuma mai taushi, mai ƙyalli, a manne da juna, wanda yake fitarwa da dare ko da asuba, ya lanƙwasa ya cinye shi nan take. Kada ka yi ƙyama, kada ka hana shi. Daga nan yake samun wani sashe na abin gina jiki da bitamin. In ka ga irin wannan kashi mai taushi da yawa a ƙasa, ko ya manne masa a gindi, alama ce abincinsa ya yi maiƙo da yawa. Ka rage dusa, ka ƙara busasshiyar ciyawa.

2. Abin da za ka ba shi kowace rana

Ciyawa ita ce tuwonsa. Kowane zomo yana bukatar tulin ciyawa kamar girman jikinsa kowace rana, kuma kada wurin ciyawar ya taɓa zama wayam. Kyasuwa, harkiya, gamba tun tana ɗanya, burgu, da ganyen masara ko na dawa da ya bushe, duka suna da kyau. Ka haɗa da harawar wake da ganyen gyaɗa, gama suna gina jiki, musamman ga mai ciki da mai shayarwa da ƴaƴa masu tasowa.

Ɗanyen ganye shi ne miyarsa. Ganyen dankali mai zaƙi, zogale, ganyen karas, ganyen wake. Ka haɗa iri biyu ko uku, kada iri ɗaya kullum. Ka yanka da safe, ka shanya a inuwa ya yi yaushi, ka ba shi da maraice. Kada ka tara ɗanyen ganye a cikin buhu ko leda, yana yin zafi ya fara ruɓewa.

Dusa ƙari ce kawai. Ga babban zomon da ba ya ciki, ba ya shayarwa, ƙaramin gwangwanin tumatir ɗaya a yini ya isa. Mai shayarwa tana iya cin biyu ko uku, amma tare da ciyawa sosai. In ka yayyafa wa dusa ruwa, ka ba shi abin da zai cinye nan da nan. Wadda ta kwana ta yi tsami, ka zubar, ka wanke kwanon.

Ruwa kullum. Akwai masu cewa zomo ba ya shan ruwa, ko ruwa yana kashe shi. Wannan kuskure ne, ya kuma kashe zomaye da yawa. Babban zomo yana iya shan kofi ɗaya ko biyu a yini, mai shayarwa kuwa da zafi tana iya kaiwa lita ɗaya. Ba tare da ruwa ba, abinci yana bushewa a hanji ya toshe. Ka ba shi ruwan da kai ma za ka iya sha, a kasko mai nauyi wanda ba zai kifar ba.

Zomo ya fi ci da maraice da dare. Da bazara, a watannin Afrilu da Mayu, zafi yana hana shi ci da rana. Ka ajiye keji a inuwa mai iska, ka zuba mafi yawan abincin bayan la'asar.

3. Abin da ba za ka ba shi ba

Ragowar tuwo, fura, burodi, shinkafa, ƙosai, rake ko sukari.
Tsabar masara ko gero ko dawa da yawa.
Duk abin da ya yi fumfuna, ko kaɗan ne: dusa, harawa, gyaɗa, ƙuli-ƙuli. Dafin fumfuna yana lalata hanta.
Tumfafiya, zaƙami, zurma, albasa, da ganyen tumatir da na dankalin turawa.
Ɗanyen ganyen rogo da ɓawonsa, da tohon dawa, wato wadda ta sake tsirowa bayan an yanke ko ta sha fari. Suna da dafi tun suna ɗanye.
Ganyen lambu ko na gonar wake da aka fesa wa maganin ƙwari. In ka karɓi ganyen kabeji ko salat a wurin mai lambu, ka tambaye shi ranar da ya yi feshi.
Ciyawar da aka yanka a inda wasu zomaye ko karnuka suke kashi.

In ba ka san ganye ba, kada ka gwada shi a kan zomonka.

4. Canji farat ɗaya shi ne babban makashi

Ko abinci mai kyau ne, in aka canza shi a rana ɗaya yana kawo zawo, domin halittun nan na cikin hanji suna bukatar lokaci su saba. Duk sabon abinci, ka fara da ɗan kaɗan, ka riƙa ƙarawa har kwana 7 zuwa 10. In kashi ya yi laushi, ka tsaya, ka koma kan busasshiyar ciyawa. Sannu ba ta hana zuwa.

Akwai lokatai uku masu hatsari.

Farkon damina. Zomo ya yi watanni yana cin busasshen abu, sai ga sabuwar ciyawa shar, yara kuma sun cika masa keji da ita don murna. Sabuwar ciyawa ruwa ne ya fi yawa a cikinta. Ka ba shi busasshiya tukuna, sa'an nan ɗanya kaɗan, bayan raɓa ta bushe.

Ƙarshen rani. Harawa ta ƙare ko ta yi tsada, sai a koma dusa zalla. Maganin wannan tun da kaka ake yinsa: ka yanki ciyawa da harawa, ka busar da su sosai, ka ɗaure, ka ajiye a sama inda ruwa da gara ba za su kai ba. Wadda ta bushe a inuwa ta riƙe korenta ta fi wadda rana ta ƙone.

Lokacin yaye. Ƴaƴan zomo daga mako 4 zuwa mako 10 su suka fi mutuwa da zawo. Kada ka raba su da uwar kafin mako 6. In ka yaye su, ka ci gaba da ba su abin da suke ci tare da ita. Haka kuma in ka sayo zomo a kasuwa, ka tambayi mai shi abin da yake ba shi, ka fara da wannan, ka kuma ware shi daga sauran har mako 2.

5. Ka duba ƙarƙashin keji kowace safiya

Zomo yana ɓoye ciwonsa, amma kashinsa ba ya ɓoyewa.

Kashi mai yawa, manya, busassu, girmansu ɗaya: lafiya lau.
Kashi ƙanana, masu tauri, kaɗan: hanji ya fara tsayawa. Ka ƙara ruwa da ciyawa, ka janye dusa.
Kashi a jere kamar carbi, gashi ya haɗa su: yana haɗiyar gashi, ciyawa kuma ba ta ishe shi tura shi waje ba.
Babu kashi sam, ya ƙi ci, ya takure a lungu yana cizon haƙora: hanji ya tsaya. Awa 12 ba ci ba kashi, rai yana cikin hatsari.
Zawo mai ruwa, ko mai majina, ko mai jini: ciwo ne mai tsanani, ƙaramin zomo yana iya mutuwa a yini ɗaya.
Ciki ya kumbura farat ɗaya ya yi tauri kamar ganga, kunnuwa sun yi sanyi: wannan ya fi duka gaggawa.

6. Abin da za ka yi

Ka ware marar lafiya a wuri mai tsabta, busasshe, mai inuwa. In lokacin hunturu ne ko jikinsa ya yi sanyi, ka rufa masa tsumma.

Ka ɗauke dusa da tsaba da ɗanyen ganye in zawo ne. Ka bar masa busasshiyar ciyawa da ruwa. Kada ka hana shi abinci gaba ɗaya, yunwa tana ƙara tsayar da hanji.

Ka ba shi ruwan gishiri da sukari, irin wanda ake yi wa yaro mai zawo: lita 1 na tafasasshen ruwa da ya huce, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ka ɗiga masa da sirinji marar allura ta gefen baki, kaɗan kaɗan, yana zaune a kan ƙafafunsa. Kada ka kwantar da shi rigingine, zai shaƙe.

In ya ƙi ci amma cikinsa da taushi, ka miƙa masa ganyen da ya saba so, ka shafa masa ciki a hankali, ka bar shi ya taka ƙasa. In cikin ya yi tauri kamar ganga, kada ka ɗura masa kome, kada ka matsa.

Ka nemi malamin dabbobi a ranar, kada ka jira gobe.

7. Gargaɗi a kan kafso

Idan dabba ta yi zawo, mutane sukan sayi kafso a wurin mai talla, su buɗe su zuba a ruwa. Ga zomo wannan yana iya zama ajalinsa. Amfisilin da amoksisilin da fenisilin da danginsu, in aka ba zomo ta baki, suna kashe halittun nan masu amfani na cikin hanjinsa, mugayen su cika wurin, zomon ya mutu bayan ƴan kwanaki. Maganin da aka ba ka a asibiti don ɗanka, na ɗanka ne, ka bar shi ya shanye. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Akwai magungunan da suka dace da zomo, malamin dabbobi ne zai zaɓa, ya kuma gaya maka kwana nawa za ka jira kafin a yanka a ci.

8. Tsabta tana tafiya tare da abinci

Akwai wata cutar hanji da hanta mai suna koksidiyosis, wadda take bin kashi ta shiga abinci da ruwa. Ta fi kama ƙanana, ta fi yawa da damina. Ƙwanta ba ya iya kama wani zomo sai ya kwana ɗaya ko biyu a waje, saboda haka shara ta kowace rana tana yanke mata hanya. Ka yi wa keji ƙasa ta raga ko ta sanduna don kashi ya faɗo. Ka rataye ciyawa, kada ka zuba ta inda za su taka. In ka yanka zomo ka ga tabo fari-fari a hanta, ka binne hantar, ka kuma sanar da malamin dabbobi don sauran.

Zomon da ya mutu da kansa ba abin ci ba ne. Ka binne shi da zurfi. Kai da yaran da suke taya ka, ku wanke hannu da sabulu bayan shara da kafin cin abinci. Kashin kuwa ka kai gona, taki ne mai kyau.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Me ya sa ba a ciyar da zomo kamar yadda ake ciyar da kaza?
2. Waɗanne lokatai uku ne zawo ya fi kashe zomaye?
3. Yaronka ya zo ya ce zomo bai ci ba tun jiya, babu kuma kashi a ƙarƙashin keji. Me za ka fara yi?
4. Dami nawa na harawa da ciyawa za ka ajiye da kakar bana don su kai ka farkon damina?