Filin Shawarwari: Firintar da Ke Ɓacewa Idan An Ɗauke Wuta

Tambaya

Wata malamar makaranta daga Zariya, wadda ta nemi a sakaya sunanta, ta rubuto cewa firintar da take buga takardun jarrabawa da ita a gida tana aiki ne ta Wi-Fi, amma duk lokacin da aka ɗauke wuta aka dawo da ita, sai kwamfuta ta nuna firintar ba ta kan layi, alhali fitilarta na ci kuma takarda na ciki. Wani mai gyara ya ce ta sayi sabuwa, shi ya sa take neman sanin ko lalacewa ta yi.

Amsa

Alamun da malama ta bayyana sun fi kama da sauyin adireshi. Duk na'urar da ta shiga Wi-Fi na gida tana karɓar lamba daga rauta, wato akwatin da ke raba intanet, kuma wannan lamba, da ake kira adireshin IP, ita kwamfuta ke bi wajen aika aiki. Rauta aron lambar take bayarwa ta wani tsari mai suna DHCP, kuma ƙananan rautoci da yawa suna manta rabon da suka yi da zarar wuta ta ɗauke, ta yadda idan ta dawo, wayar da ta riga shiga za ta iya karɓe 192.168.1.5 da firinta ta saba da ita, ita kuma firintar ta koma 192.168.1.9. Kwamfuta ba ta da labari, sai ta ci gaba da sallama a ƙofar gidan da mai shi ya tashi.

Hanyar tabbatarwa ita ce a sa firintar ta buga shafin bayanin haɗinta, wanda yawancin firintoci ke fitarwa daga maɓallansu ba tare da kwamfuta ba, sannan a duba lambar da ke jiki, a kwatanta ta da wadda kwamfuta ke bi. Idan ta fara da 169.254, to firintar ba ta samu adireshi daga rauta ba sam, abin da kan faru idan ta riga rautar kammala tashi, kuma maganinsa a kashe su duka, a kunna rauta, a jira kamar minti 2 kafin a kunna firinta.

Akwai kuma batun zango, domin rautocin zamani na watsa Wi-Fi a kan 2.4 da 5 GHz, yayin da firintoci masu sauƙin kuɗi da yawa ba sa ganin na biyun. Haka nan layin baƙi da wasu rautoci ke buɗewa yakan hana na'urori ganin juna, don haka kada a ɗora firinta a kansa.

Gyara mai ɗorewa shi ne a shiga shafin saitin rauta, wanda adireshinsa da kalmar sirrinsa kan kasance a manne a jikinta, a keɓe wa firintar lamba guda ta hanyar adireshinta na MAC, wato lambar da masana'anta ta ba ta, wadda ba ta sauyawa. Daga nan a cire firintar daga kwamfuta, a share ayyukan da suka maƙale a jerin jira, a sake shigar da ita da lambar da aka keɓe.

Kafin malama ta kashe ko sisi, ta haɗa firintar da kwamfuta da kebul na USB ta gwada. Muddin firintar ta buga shafi ta haka, injin bugunta lafiyarsa ƙalau, kuma shawarar sayen sabuwa ba ta da tushe.